Randar da Ta Ƙwace Mini Wajen Kwana

Solmi, 6 ga watan tara

Zuwa ga Bun-nye, ƙanwar matata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin ci abinci, gwiwar kuma tana barinki ki je rumfar kifi. Mu nan an gama yankan shinkafa, saura dashen tafarnuwa. Rubutun nan nawa ne, a ajin tsofaffi na koya, in kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi. Kada ki ce don me ban buga waya ba. A waya katse ni kike yi.

Kin san ranar sha biyu ga watan goma yayarki za ta cika shekara da rasuwa. Ɗana Yong-dal ya ce zai taho da giyar kwalba daga Seoul a zuba mata a teburin da ake jera wa mamaci abinci ranar tunawa da shi. Na ce ya bar ta a kanti. Da bakinta ta gaya mini a asibiti, "In ta kanti kuka zuba mini, ba zan zo ba." Na yi mata alkawari, ni zan haɗa.

Shekara arba'in da bakwai ina kallonta tana haɗa giyar shinkafa. Ni na haƙa ramin da muke ɓoye randa a bayan turken saniya, a shekarun da aka hana yi a gida. Babu abin da ban sani ba.

Sai dai nuruk, curin yis ɗin nan mai tayar da giya, na zamanin nan ba shi da rai. Na turara shinkafa, na juye ta a randa tana tururi, na daka curin na zuba da ruwa tun da zafinta don ya kama da wuri. Yau kwana biyar ina kara kunne, shiru kamar makaranta ranar hutu. Ba shawara nake nema ba. Ki aiko mini da curi ɗaya na kirki daga kasuwarku.

Ki gaida yara.
Mijin yayarki, Pyeon Gap-su

Busan, 10 ga watan tara

Mijin Yaya,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta, likita ya hana ni doguwar mota, don haka ba za ka gan ni ranar ba. Haruffanka na tashe su duka, ɗaya ne ya ƙi.

Nuruk ɗinka yana da rai kafin ya haɗu da kai. Dafa shi ka yi. Shekara arba'in da bakwai kana kallo, ba ka taɓa ganin Yaya ta baza shinkafar a tabarma tana fifita har ta huce ba? Ka gani mana, ai kai ne mai zagayowa ta baya kana dumbuza kana kaiwa baki. Ko ka ɗauka don kai ake shanyawa?

Ga curi nan na aiko. Shinkafa ta yi sanyi kamar tafin hannu da safe kafin ta taɓa shi. Ka rufe bakin randar da ƙyalle, kada ka danne da murfi. Kuma ka bar yaron nan ya zo da kwalbarsa ko don tsaro, Yaya ba ta da fushi mai tsawo.

Ka riƙa cin abinci mai ruwa.
Ƙanwarka, Bun-nye

Solmi, 21 ga watan tara

Bun-nye,

Ina gaisuwa, da hanci a toshe. Batun tabarma na san shi, mantawa na yi. Batun fushin yayarki kuwa, ni na zauna da ita, ba ke ba.

Wannan karon randa ta yi magana. Kwana na biyu na kara kunne na ji ta kamar yayyafi a kan ganyen kabewa, har na kira Tsoho Ma maƙwabcina ya saurara.

Na yi mata yadda marigayiya take yi. Kin san duk ranar da ta haɗa, wajen kwanana take ba randa, can gefen da wutar murhu ke bi ta ƙarƙashin daɓe, ta naɗe ta da bargona, ni a tura ni bakin ƙofa inda sanyi yake. To ga abin da ba ki sani ba, don ba a gaya wa ƙanne irin wannan. Ba ta taɓa iya wuce kwana biyu ba. Rana ta uku sai ta yaye bargon, ta ja randar bakin ƙofa, ta ce, "Malam, koma wajenka." Kewata ce take cin ta. Ban taɓa nuna mata na gane ba, don kada ta ji kunya.

Sai na yi lissafi: in giyar da aka rage wa ɗumi saboda ni ta yi daɗin da har mutanen ƙetaren rafi ke zuwa nema, ina ga wadda aka ba haƙƙinta cikakke? Na bar ta a ɗumi kwana bakwai, bargo biyu, ina ƙara itace safe da yamma. Rana ta huɗu ta yi ambaliya, ta jiƙa bargon, ta bi daɓe har ƙarƙashin akwatin kaya. Jiya na tace. Tsoho Ma ya kurɓa, idonsa ɗaya ya rufe, bai buɗe ba sai da ya isa gida. Matarsa ta aiko a ba ta kwano guda za ta jiƙa ganye.

Ina zargin ruwan famfo. Ki aiko wani curin.

Gap-su

Busan, 25 ga watan tara

Mijin Yaya,

Sannu da mura. Na karanta takardarka a rumfa, na yi dariya har mai sayen kifi ta tambaya ko lafiya.

Ruwan famfo bai yi maka komai ba. Randa in ta kama, zafin kanta take yi, kamar mai zazzaɓi. Rana ta uku dole a tuɓe ta a kai ta inda ya fi sanyi, in ba haka ba ta koma ruwan tsami. Inda ya fi sanyi a ɗakinku kuwa, nan kake kwance. Ba kewarka take yi ba, bawan tafarnuwa, wajenka take so. Kai da randa musanya ake yi da ku.

Yanzu ka natsu. Saura kwana sha bakwai, randa ɗaya kawai za su ɗauka. Curin da ke cikin ƙunshin nan ba na kasuwa ba ne. Yaya ce ta taka shi da ƙafarta a bazararta ta ƙarshe, ta ba ni biyu, na yi amfani da ɗaya. Ka juya bayansa, za ka ga dunduniyarta. Na so in ajiye shi har in mutu. In ka mayar mini da shi ruwan tsami, kada ka ƙara rubuto mini, ko da haruffa a tsaye.

Ka dafa cikin randar da tafin hannu safe da yamma. In ya fi goshinka zafi, ka ja ta ƙofa. In ka ƙyasta ashana ka zura a bakinta ta mutu, da saura. In ta ci gaba da ci, ka tace.

Bun-nye

Solmi, 14 ga watan goma

Zuwa ga Bun-nye,

Gaisuwa da ban gajiya, ko da yake ba ki zo kin gaji ba.

Curin ya kwana biyu a kan akwati ban iya daka shi ba. Dunduniyar ce sak, har da ɗan karkacewar nan. Da na ga kwanaki suna tafiya na sa shi a turmi, na juya fuskata bango na daka.

Na bi maganarki, ba don ta fi tawa ba. Rana ta uku cikin randar ya fi goshina, na ja ta ƙofa. Ashana ta ci a rana ta tara. Shekaranjiya muka jera tebur, muka buɗe ƙofa don ta shigo, na zuba mata kofi uku da hannuna. Yong-dal ya ɗanɗana bayan an gama, ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Kwalbarsa tana cikin mota, ko fito da ita bai yi ba.

Saura magana ɗaya. Da na koma wajena na ɗumi, na yi tunani. Gidan nan yana da ɗakin baya, sanyinsa daidai da na bakin ƙofa, taku huɗu ne. In wuri kawai take nema wa randa, da can ta kai ta, ta bar ni inda nake. Shekara arba'in da bakwai ba ta kai ta ba ko sau ɗaya. Ke da kika san komai, ki ba ni amsa.

Na cika kwalba guda da giyar, na ba Yong-dal ya biyo ya kawo miki. Na ɗaure bakinta tamau don kada ta zube a hanya.

Mijin yayarki, Gap-su

Busan, 17 ga watan goma

Mijin Yaya,

Kwalba ta iso. Giya mai rai ba a ɗaure mata baki, ka ƙara wannan a cikin abin da ka sani. Da na murɗa murfin, rabi ya tafi rufin ɗaki, sauran ya sauka a kaina da kan Yong-dal. Abin da ya rage bai cika kofi ba. Na sha a zaune. Ta Yaya ce, sai dai ta ɗan fi surutu.

Batun ɗakin baya: mahaifiyarmu can take kai tata randar rana ta uku, ta bar Baba a bakin ƙofa har kwana bakwai. A wajenta Yaya ta koya komai, ban da wannan. Ban so gaya maka ba, don kanka ya riga ya yi girma.

Ka wanke bargon kafin sanyi ya shigo.
Ƙanwarka, Bun-nye