Wanda Na Cuta Ne Zai Tsaya Ya Shaide Ni Ranar Zaɓe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na roƙi mai kula da zauren ya sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Akwai wata ƙarya da na yi shekarun baya, wadda da za a ce in goge abu ɗaya a rayuwata, ita zan goge.

Ni dattijo ne, bokona bai wuce firamare ba, amma na daɗe ina aika wa wani gidan rediyo labaran manoman rani daga yankin Kura da Bunkure. Mu wakilan karkara muna da 'yar ƙungiyarmu, kuma da yake ba kowa ke da babur ba, idan labari ya taso mutum ɗaya ke zuwa da rakoda ya ɗauko, mu haɗu a rumfar mai shayi mu saurari kaset ɗin, kowa ya aika wa gidan rediyonsa da sunansa. Ba ma tuhumar juna. Abin da wanda ya je ya kawo, shi ne labari.

Wata shekara aka rufe babban kanal da ke kai ruwa gonaki don gyara, ga irin tumatir ya isa dashe, kowa kunnensa na kan rediyo yana jiran ranar sakin ruwa. Zuwa ofishin ruwa ya faɗo kaina. Ban je ba. Na tsaya Kadawa wajen wani dillali, hira ta ɗauke ni har aka tashi daga aiki. A hanyar dawowa wani ɗan acaɓa ya ce mini ya ji ranar Asabar za a saki. Da na isa rumfa kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce injiniyan ofishin ne ya gaya mini baki da baki, rakoda kuwa batir ne ya mutu. Kowa ya rubuta.

Rahoton abokina ne ya fara fita, da muryarsa. Zan kira shi Malam Sabo, ba sunansa ba ne. Manoma suka cire iri suka dasa da ɗan ruwan da ya rage a kududdufai. Asabar ta zo ta wuce, kanal a bushe, dashe ya ƙone a tsaye. Ofishin ruwa suka ce su ba su yi magana da kowa ba, kuma gaskiyarsu. Manoma suka cika ƙofar gidan Sabo, gidan rediyonsa suka sallame shi. Bai taɓa ambaton sunana ba, don a wurinmu abin da ka aika da sunanka naka ne. Ni kuma, lokacin ina sakataren ƙungiya, na dage cewa injiniya ne ya janye maganarsa. Sabo ya yarda da ni, har yau a kan haka yake.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maiɗakina. Ni ban dasa nawa irin ba, saboda na san maganar ba ta da tushe. Sabo ya dasa nasa duka. Har gida ya zo yana taya ni murna, wai Allah ya tsare ni.

Yanzu yana gyaran injin ban ruwa a bakin titi. Ni kuwa dattawan ƙungiya sun tsayar da ni takarar shugaba, ba don na fi kowa ba, sai don abokin karawata, matashi mai difloma, ya ce idan ya ci duk wanda ba shi da takarda zai ajiye katin ƙungiya. 'Yan kaset yake kiranmu, wai mu koma gona mu bar wa masu ilimi biro. Katin nan kuwa da shi tsofaffin nan ke shiga ofisoshi a saurare su.

A tsarinmu, ranar zaɓe kowane ɗan takara sai wani daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiya ya miƙe a gaban membobi ya ce ya shaida bai taɓa sanin mutumin nan da ƙarya a labari ba. Sabo na cikin waɗanda suka kafa ta. Ban neme shi ba, shi ya aiko cewa zai zo. Wai shi ne aikin nan ya fi ƙonawa, idan ya shaide ni wa zai buɗe baki?

Maiɗakina ta ce, Malam, tsakanin kujera da kabari wanne ka fi kusa da shi? Ka je ka gaya masa. Na shirya na tafi rumfarsa. Ina sauka daga babur ya fara dariya, ya ce Sakatare, zo ka karɓi gudummawata. Ya miƙo mini sabon batir a leda, ya ce kada ya sake mutuwa ranar zaɓe. Hannunsa duk baƙin mai. Na karɓa, na yi godiya, na dawo gida da maganata.

Jama'a, ban ga mafita ba. Idan na yi shiru, zan sa bawan Allah ya yi shaidar zur a kaina bai sani ba. Idan na faɗa, na rasa Sabo, kuma yaron nan ya samu hujjar da zai kore mu duka, tsofaffin da suka dogara da ni su biya laifin da ba nasu ba. Idan na janye ba bayani, Sabo ne zai fara zuwa ya tambaye ni dalili. In gaya masa kafin zaɓe, ko bayansa, ko in miƙe ranar in riga shi magana? Kuma da wane baki ake neman gafarar wanda har yanzu yake yi maka addu'a?

Ku 'yan jarida matasa da ke zauren nan, ina roƙonku, idan ba ku je ba ku ce ba ku je ba. Batir ɗin nan na kan teburina, na kasa sa shi a rakoda.