Darasin Jiragen Dakon Kaya

Litinin, 3 ga Maris
An ba ni aikin. Shafin intanet na darussa kan jigilar kaya ta kogi, don malaman sakandare. Manaja ya ce hukumar tashar jiragen ruwa tana son yara su san ba tirela kaɗai ke dakon siminti da hatsi ba. Na ce to.

Alhamis, 13 ga Maris
Bidiyo huɗu sun kammala, da taswira mai motsi: ka taɓa jirgi, ta nuna maka abin da ya ɗauko da inda za shi. Ta yi kyau. Mai zanen ofishinmu ya tsaya a bayana yana kallo har shayinsa ya huce.

Talata, 18 ga Maris
Gwaji da malamai shida a ɗakin taro. Biyar sun yi ta gyaɗa kai suna shan lemo. Ta shidan, malamar labarin ƙasa, dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ta ciro wayarta ta buɗe shafin. Muka zuba ido, 'yar da'irar nan ta jiran shafi ya buɗe tana ta juyi. Ta ajiye wayar a gabana.
"'Yata, minti arba'in gare ni, yara saba'in da uku. Wannan juyin kaɗai ya ci goma."
Ta tambaye ni mako na nawa a manhaja darasin ya faɗa. Ban sani ba. Da suka tafi Manaja ya ce in rabu da ita, kowane taro sai an sami irinta.

Laraba, 19 ga Maris
Ban taɓa aikin ba.

Litinin, 24 ga Maris
Na je ajin malamar nan mai tabarau, na zauna a bencin baya. Babu soket ko ɗaya a bangon. Ta zana jirgi da alli, ta karanta musu lissafina: jirgi guda yana ɗaukar kayan tirela arba'in. Suka kwafa. Sai hannuwa suka tashi. Yaya matuƙi yake gane inda ruwa ba shi da zurfi? A ina yake kwana? In jirgin ya kafe a yashi, wa ke tura shi?
Malama ta juyo ta nuna ni. "Ga mai aikin nan, ku tambaye ta."
Na ce zan bincika. Babu amsar ko ɗaya a bidiyoyina.
A bakin ƙofa ta faɗa mini abin da take so: takarda ɗaya da za ta iya bugawa, da muryar mutum yana bayani, minti uku, wadda za a tura daga waya zuwa waya. Ban da kiɗa.

Alhamis, 27 ga Maris
Manaja ya ce in hukumar ta ga takarda ɗaya tal, za ta ba wani kamfani aikin, ni kuma na san abin da hakan ke nufi. Mun daidaita: bidiyoyin su koma ƙasan shafi. Ya ba ni zuwa 14 ga wata mai zuwa.

Asabar, 29 ga Maris
Hukumar ta turo jami'in hulɗa da jama'a don muryar. Minti shida yana maganar bunƙasar tattalin arziki. Na goge.
Na yi wa Yaya ƙorafi a waya, ta kwashe da dariya. "Kina da matuƙin jirgi a gida, kina yawon neman murya?"
Baba take nufi. Shekara talatin da ɗaya a kan ruwa. Ba mantawa na yi ba. Muna yara kwana biyu yake yi a gida a wata, kamar baƙo. Tun rasuwar Umma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba faɗa muka yi ba, abin faɗa ne babu.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na je wurin Baba. Ya tambaye ni wa zai ji, na ce yara. Ya shiga ɗaki ya sako hula, ko da yake na gaya masa murya kaɗai zan ɗauka.
Zurfi, in ji shi, a fuskar ruwa ake karanta shi: inda ya yi ƙananan tattara, yashi na kusa. Sai a zura gora mai alama a tabbatar. Kwana kuma a kan buhuna, in akwai sauro a kwana zaune.
Na tambaye shi batun kafewar jirgi. Ya ce ya taɓa yin kwana tara a kan yashi da kayan taki, sai da aka sauke su buhu-buhu a kwale-kwale.
"Lokacin aka haife ki. Ina jin labari a bakin masunta, ba halin tafiya. Na iso kina da kwana goma sha ɗaya."
Ni dai abin da na tashi da sani kawai shi ne ba ya nan da aka haife ni. Na yanke wannan wurin daga muryar. Ba ya cikin manhaja.

Litinin, 14 ga Afrilu
An miƙa. Takarda ɗaya, mako na bakwai, murya minti uku. Hukumar ta karɓa ba yabo ba fallasa, aikina yana nan. Malama ta turo saƙo: ajin ya yi tsit har muryar ta ƙare, sannan yara suka rubuto wa "Kaka matuƙi" tambayoyi goma sha tara. Na ce mata an rufe aikin, ba za a ƙara komai a shafin ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Hanya ce ta bi da ni ta unguwar su Baba, sai na tsaya. Takardar tambayoyin tana jakata. Mun yi huɗu. Baba yana da tsawaita bayani, ga yawan komawa baya. Muna kan tambaya ta biyu na lura ban kunna na'urar ɗaukar murya ba. Na bar ta a jaka.
Saura goma sha biyar. A haka za mu daɗe.