A Cire Sunana a Sa Naki

Fatakwal, ranar Lahadi

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Inna? Ina mutanen Wagini, ruwa ya sauka kuwa?

Armaya'u maƙwabcinmu ya kira ni, ya ce sunana ya fito cikin waɗanda gwamnati za ta ba taki da kuɗin tallafin noma a Batsari, sai dai dole mai sunan ya je da kansa. Yaya, ba zan samu zuwa ba. Buhun siminti ne ya ɗan faɗo mini a ƙafa wurin lodi. Da sauƙi, har na fara takawa da sanda. Kada dai Inna ta ji.

Na rubuta wa mai unguwa, na roƙe shi ya raka ki ofishin gona a cire sunana a sa naki. Na san za ki ce, “Ai gonar Baba ta namiji ce.” Shekara huɗu rabona da fartanya. Geron da Inna take ci, ke kika noma shi. Ki ɗauki katinki na shaida ki shiga layi, kada ki ji kunyar kowa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninki,
Nurain