Tafin Ƙafar Yaya Tibor

Osijek, 6 ga Yuni, 1988

Zuwa ga matata Etelka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Mila da Inna. Yaya ciwon gwiwar Inna? Yaya lambu, tumatir ya fara nuna kuwa? Ni dai lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da kullum yake tuna mini cewa shekara ashirin ke nan ina saɓar katako ina kafa wa mawaƙan ƙungiyar Stara Skela dandamali.

Etelka, rangadin ban kwanan nan mun fito shi da ƙafar dama. Gari shida muka yi, ko'ina ba masaka tsinke. Jiya na ga wani mai furfura ya ɗora ɗansa a wuya, su biyun suna rera waƙar da Vidak, shugaban tafiyarmu, ya rubuta tun kina 'yar makaranta. Sai na tuna fitarmu ta farko a 1968, da muka bar Sombor cikin motar burodi ta aro, ganguna a kan cinyoyinmu, muna bin zaurukan ƙauye, tsofaffi na nuna mu da sanda suna cewa ga 'yan iska masu gashin mata nan sun iso. Na tuna Poland, ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, yayanki Tibor ya riƙe mutum dubu uku da ganga kaɗai har minti arba'in, ba wanda ya nufi ƙofa. Kin san duk wasan da aka yi nakan yi zane ɗaya da ƙusa a murfin akwatin kayan aikina. Yanzu sun haura dubu ɗaya da ɗari shida, kuma a cikinsu duka Tibor ne kaɗai bai taɓa fashin ko ɗaya ba, har ranar da ya yi kiɗa da karyayyen yatsa. Wallahi ina alfahari da shi, sai dai ba zan faɗa masa ba, kansa ya isa girma haka.

Shi da Gavra mai jitar bas, mai kaurin amon nan, kuwa, jiya i yau. Shekara tara ke nan ba sa ga maciji, tun ranar da Tibor ya faɗa a rediyo wai Gavra na jan kiɗa kamar keken shanu. Har gobe ni ne ɗan aikensu. Suna zaune a teburi ɗaya Gavra zai ce, "Kai kafinta, faɗa wa mai gangarka ya miƙo gishiri." Tibor ya ce, "Faɗa wa mai rinin gashin baki ya miƙa hannunsa, ai ba a aro ya samo shi ba." Amma da sun hau dandamali sai ki rantse ciki ɗaya suka fito.

Kin ce in sa wa Yaya ido saboda ya daina ɗaukar waya in kin buga. Abin da na gani kawai shi ne ya tsiro da kiɗa ba takalmi, kuma ya kafe lallai in riƙa ɗora lasifikar Gavra a kan katako ɗaya da kujerarsa. Na ce, "Yaya, in ka taka ƙusa fa?" Ya ce in yi aikina. Tsufa ne dai nake zato, kowa da irin nasa.

Ki gaishe da Inna, ki sumbatar mini Mila.

Mijinki,
Budimir

Tuzla, 19 ga Yuni, 1988

Etelkata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya. Na samu takardarki, na ji daɗi da Mila ta ci jarrabawa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma kada ki karanta a gaban Inna.

Shekaranjiya da safe muna sauke kaya, babbar motarmu na ja da baya tana ta zabga oda, Yaya na tsaye a bayanta ya juya ƙeya yana cin burek, burodin nan mai nama a ciki, hankali kwance. Na ƙwala masa kira har sau uku, ko gezau. Da ban yi tsalle na fizgo rigarsa ba, da yau wata takardar nake rubuta miki. Na ja shi bayan zaure, na ce, "Yaya, ashe ba ka ji?" Ya ƙura wa bakina ido, sai a lokacin na lura duk kwanakin nan baki yake kallo in ana masa magana.

Bai yi musu ba. Ya ce kunnen hagu ya mutu tun bara waccan, na dama saura ƙiris, ba abin da ke cikinsa sai ƙara irin ta ƙudan zuma. Likita a Novi Sad ya ce masa ganga ce ta cinye su. Na ce to da me kake kiɗa? Sai ya ɗaga ƙafa ya nuna mini tafinta. Ya ce, "Da wannan nake jin Gavra. Amon jitarsa na bin katakonka ya shigo mini ta nan, shi ke gaya mini inda muke a waƙa, inda za a juya, inda za a tsaya. Kuma ɗan banzan bai taɓa yin kuskure ba, kada ka kuskura ka gaya masa na faɗa."

Ya sa na rantse ba zan gaya wa Vidak ba. Ya ce Vidak ba mugu ba ne, tausayinsa ne abin tsoro: zai rungume shi ya yi kuka, washegari ya aiko da wani matashi daga Belgrade ya zauna a kujerarsa. Ya ce, "Saura wasa goma sha ɗaya, Budimir. Ina so in sauka da ƙafata, ba a sauko da ni ba." Ya ce ke ma kada in gaya miki. Na san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ya fi ƙarfin cikina, kuma ke ƙanwarsa ce.

Da yamma na tsaya a gefen dandamali ina kallonsa. Etelka, mutum ne da ba ya jin tafin da ake masa, ba ya jin muryar Vidak, amma yana dukan gangunan nan daidai wa daida, yana murmushi, yatsun ƙafarsa sun kama katako. Shekara ashirin ina zaton ni mai buga ƙusa ne kawai. Ranar na koma na bi katakon nan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, na ware masu amo na ajiye masa.

Ki yi mana addu'a.

Naki,
Budimir

Mostar, 2 ga Yuli, 1988

Etelka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da ba ki buga masa waya kin yi kuka ba, na san da ƙyar kika daure.

Jiya mun sha da ƙyar. Dandamalin nan na siminti ne, kuma mun iso a makare, ban samu damar shimfiɗa katako yadda ya kamata ba. A waƙa ta shida kowa ya tsaya, Yaya shi kaɗai ya ci gaba da duka har bugu huɗu. Vidak ya mai da abin wasa, ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri, tsohon namu bai ƙoshi ba," aka yi dariya. Amma da aka tashi ya tare ni ya ce, "Budimir, me ke damun surukinka? Ko ya koma wa kwalba ne?" Na ce laifina ne, ƙafar kujera ce ta goce. Ya zage ni tas, na shanye. Gavra na gefe yana goge jitarsa, kallo ɗaya ya yi mini wanda ban so ba.

Babban tashin hankalin yana gaba. Wasan ƙarshe a tsohuwar ganuwar nan ta bakin teku za a yi, wadda muka hau ni da ke shekarar aurenmu, kika ƙirga matakala ɗari biyu da goma sha ɗaya kina tsine mini. Ƙasanta dutse ne zalla. Mai kula da wurin ya aiko cewa ba kafa dandamali, ba buga ƙusa, kuma mota ba ta hawa, sai abin da mutum ya ɗauka a kafaɗa. Ga masu talabijin za su zo su ɗauka, ƙasa duka ta gani.

Na ce wa Yaya ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ya faɗa wa Vidak da bakinsa kafin ya ji kunya a idon duniya. Ya ce in ba zan taimaka ba in yi shiru. Taurin kan gidanku dai, na san inda Mila ta gado shi. Na zaɓi katako guda mai tsawon taku huɗu, busasshe, wanda ya fi kowanne amo. Shi zan haura da shi, sauran sai abin da Allah ya yi.

Mijinki da ba ya iya cin abinci,
Budimir

Bakin teku, 10 ga Yuli, 1988

Etelka, abar ƙaunata,

Ina fatan kuna lafiya ke da Inna da Mila. An gama. Bari in ba ki labarin a tsare, don in na fara daga ƙarshe hawaye zai ɓata takardar.

Da tsakar rana na haura da katakon, na ɗora lasifikar Gavra a baki ɗaya, Yaya ya aza ƙafa a ɗaya bakin, na sa aka kaɗa jita. Ya rufe ido ya jira. Dutsen ya shanye amon kaf. Na sa itace a ƙarƙashi, na sa roba, na juya shi, duk a banza. Yaya ya girgiza kai, ya jawo takalminsa ya fara ɗaurawa. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, kafinta. Kira mini Vidak." Ban taɓa ganinsa ya tsufa ba sai a lokacin.

Ina juyawa sai ga Gavra ya hauro yana haki, cikin farar riga sabuwa, gashin baki ya sha rini, ga takalmin da ya sayo a Trieste musamman don talabijin. Ya dubi katakon, ya dubi Yaya, ya ce, "Kai kafinta, kau da lasifikar nan daga nan." Na janye ta gefe. Ya ce, "Kuma ka faɗa wa mai gangarka ya cire takalminsa. Shekara biyu ina ƙara wa jitata murya saboda shi, yana zaton ni makaho ne?" Sai ya hau bakin katakon ya buga diddige sau ɗaya. Na ga Yaya ya zabura.

Ƙarfe biyar aka fara, rana na dukan dutse, mutane har kan katangar ganuwa, wasu cikin kwale-kwale a ƙasa. Gavra, mutumin da ba ya wuce madubi bai gaishe shi ba, ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci Yaya, yana kaɗa jita yana buga katakon da diddige, bugu bayan bugu. In za a juya ya buga biyu, in za a tsaya ya danne. Mai talabijin ya zo yana ihu ya juyo a ga fuskarsa, Gavra ya ce, "Ɗauki ƙeyata, ita ma ba ta da laifi." Vidak ya waiwaya ya dube su a waƙa ta biyu, na ga ya gane komai. Ya juya ya ɗaga murya, ban taɓa jin ya yi waƙa irin ta ranar ba.

Wajen waƙa ta tara dunduniyar takalmin Trieste ta ɓalle. Gavra ya yi wurgi da shi ya ci gaba da safa. Kafin a kai ƙarshe safar ta jiƙe da jini, ina ganin shaidarsa a katako, amma bai rage ko bugu ɗaya ba. Awa biyu cur, Etelka! Yaya kuwa ya yi kiɗan da ya fi na Poland. A waƙar ƙarshe su duka suka tsaya cak a bugu ɗaya, sai ganuwar ta ɗauki ihu.

Gavra ya zube a kan katakon, kansa a sunkuye yana numfarfashi. Sai na ji ya ce, ba da ni ba, da shi kai tsaye, karo na farko cikin shekara tara, "To, Tibor, keken shanun ya kai ka gida ko bai kai ka ba?" Amma kansa na ƙasa, Yaya bai ga bakinsa ba. Na matsa in isar da saƙo kamar yadda na saba, Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Bari, kafinta, wannan ba sai ka faɗa mini ba. Awa biyu yana faɗa, na ji duka." Ya durƙusa ya ɗora ƙafar Gavra a cinyarsa, ya shiga zare masa safar a hankali. Ni dai na koma bayan lasifika na yi kukana.

Zanen wasan ƙarshe ba a murfin akwati na yi shi ba, a jikin katakon na yi, kusa da jinin. Zan taho da shi gida, don Allah ki ja wa Inna kunne kada ta faskara shi a murhu. Muna isowa ranar Alhamis. Ki dafa miyar kifin nan mai jan barkono, ki ƙara kwano ɗaya, Yaya ya gayyaci Gavra, kuma da bakinsa ya gayyace shi. Aikin ɗan aike ya ƙare, saura na miji.

Naki har kullum,
Budimir