Takardar Jikin Firij

Yaya Farfesa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Bayan haka, jikin Mama ya ƙi. Ciwon ya cinye ta, zobenta ma sai da na naɗa masa zare. Likitan nan ya ce ta ci duk abin da ranta yake so. Ita kuwa ta kafe a kan takardar da kika rubuta mata shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da take fama da ƙiba. Tana nan manne a jikin firij: ban da sukari, ban da mai, shinkafa cokali huɗu. Na ce, "Mama, dokar nan ta tsufa." Ta ce, "Wadda ta kafa ita za ta sauke. Ke me kika karanta?" Kin san kunnenta ba ya jin waya. Don Allah ki rubuto mata sabuwa.

Ƙanwarki, Auta.

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, ina jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba. Kullum mutum arba'in nake gani, in auna ƙugu, in auna nauyi, in ce a rage. Bakina ya manta yadda ake cewa a ƙara. Hoton takardar nan na sha nuna shi a manyan taruka, ina cewa ga majinyaciyar da ba ta taɓa karya doka ba. Ban taɓa gaya musu uwata ce ba. Ga sabon tsari, na sa sakatariya ta buga. Zan zo bayan taron wata mai zuwa. Ki gaishe ta.

Yayarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, tsarinki ya iso, shafi uku har da hatimi. Mama ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Wannan inji ne ya rubuta. 'Yata wutsiya take yi wa harafinta." Ta miƙo mini. Jiya rabin ƙwai ta ci. Yaya, biro ne babu a jami'ar taku?

Auta.

Mama,

Ina gaishe ki. Ni ce, ga hannuna. Na soke waccan takardar. Ki ci komai. Ki sa sukari.

'Yarki.

Yaya,

Ta gane rubutun tun daga kan ambulan ɗin wasiƙar. Ta ce in haɗa shayi, sukari cokali uku. Ta kurɓa sau biyu, ta ajiye, ta ce, "Ya yi zaƙi da yawa. Ki ce mata dai na bi." Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Na kira ki, sakatariya ta ce kina kan jawabi.

Tsohuwar takardar tana nan a jikin firij. In cire, ko kina buƙatarta don taro?

Ki huta lafiya.

Auta.