Shafin Sha Uku Ga Maris

Łódź, 2 ga Janairu

Ƙanwata Wiesława,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Baba. Ga kalanda na aiko, irin wadda ake yage shafi kullum. Bayan kowane shafi akwai sabuwar kalma da ɗan ƙarin ilimi. Ki riƙa karanta masa kowace safiya yana maimaitawa. Likita ya ce harshen da shanyewar jiki ta ɗaure, sai da koyo yake warwarewa. In bikin Ista ya zo bai furta komai ba, zan kawo shi gidan tsofaffi nan birni. Na san ke da karatu sai a hankali, amma ki daure.

Yayarki,
Bożena

Zalesie, 19 ga Janairu

Yaya Malama,

Gaisuwarki ta iso, kalanda ma haka. Yau mun koyi cewa giwa ba ta iya tsalle. Baba ma ba ya iyawa, ni nake ciccibarsa zuwa bayi. Jiya sunan babban birnin Mongoliya muka samu, ya kalle ni kamar na zage shi. Shafukan dai suna da daɗin hura murhu.

Shekara biyu ba ki tako garin nan ba, kina aiko mana da darasi a ambulan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba ba inda za shi.

Ki huta lafiya,
Wiesława

Łódź, 27 ga Janairu

Wiesława,

Na gaishe ki. Ƙona su duka, dama haka kika yi da littattafanki na makaranta. Na riga na cika takardun gidan, an ware masa gado.

Bożena

Zalesie, 6 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yage takardunki, Baba ya yi magana.

Ashe duk surutuna ba bayan shafi yake kallo ba. Gaban yake kallo, inda ake rubuta sunayen da ake bikinsu, kowane suna da ranarsa a shekara. Jiya ya fizge kalandar da hannunsa mai lafiya, ya yi ta yage shafi har sha uku ga Maris, ya dangwala yatsa ya ce, “Bożena.” Sau uku, tiryan-tiryan.

Ni mai wanke shi, sunana yana can Disamba, bai nema ba. Na ji haushi har na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ya hana a taɓa shafin. A gidan nan yanzu kullum sha uku ga Maris ce. Motar Asabar mai zuwa nan tana tashi daga Łódź ƙarfe bakwai.

Ƙanwarki,
Wiesława