Hannun Baba Lafiya Lau, Wuyan Babur Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba. Auta kuwa ta fara koyon ɗinki, duk wani ƙyalle na gidan nan ya shiga uku.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar Baba, wadda na san ta hana ka sukuni. Ka tuna na gaya maka babur ya fara yi masa rawa a hanya, har rannan ya kusa faɗawa kwata a bakin layinmu. Duk muka ce tsufa ne, hannu ya fara karkarwa. Inna ta ɓoye makulli, kai ma ka ce ya haƙura da hawa. Abin da ban gaya maka ba, tun ranar Baba ya daina zuwa shagonsa na kafinta. Wai hannun da ya kasa riƙe kan babur, ina zai riƙe zarto? Sai ya zauna a ƙofar ɗaki yana juya tafukansa yana kallo. Wallahi Yaya, abin ya tsaya min a rai.

Ka dai san ni da taurin kai. Na lura in yana shan shayi kofi ba ya ko motsi a hannunsa, sai na dage a duba mashin ɗin. Da ƙyar na karɓo makulli wajen Inna, mijina ya tura shi gun bakaniken bakin titi. Shi wannan ko tsugunawa bai yi ba, ya ɗaure notin wuya tamau ya ce an gama. Sai kan ya sandare, juya shi sai wanda ya ci ya ƙoshi. Bakanike na biyu ya ce taya ce, aka canja, abu yana nan jiya i yau. Har na fara karaya, sai Kawu ya ce mu gwada wani da ake kira Sannu-Sannu a bayan masu walda. Ya ce mutumin akwai nawa, amma ai sannu ba ta hana zuwa.

Na lallaɓa Baba ya biyo mu, yana ta mitar ɓata lokaci ne. Rumfar 'yar ƙarama ce, ƙasanta baƙi ƙirin saboda mai. Sannu-Sannu bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ɗora babur a kan kututture har tayar gaba ta bar ƙasa, ya tura kan da yatsa ɗaya. Kan ya tafi sumul, yana zuwa tsakiya sai ya cije. Ya ce wa Baba ya zo ya ji da hannunsa. Baba ya tura, ya sake turawa. Da aka kwance wuyan, sai ga boris ɗin ciki, wanda wuyan ke juyawa a kansa, ya bushe ƙamas, 'yan ƙwallayen sun yi tsatsa har sun ci rami a mazauninsu. Bakaniken ya tambaya ko ana yawan zuba wa wurin ruwa. Nan fa dariya ta ƙwace min, don ka san Baba, kullum sai ya yi wa babur ɗin nan wanka da sabulu kamar jariri. Ashe tsaftarsa ce ke wanke giris ɗin.

Sannu-Sannu ya sa sabon boris, ya cika giris, yana ɗaure noti kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har kan ya riƙa faɗawa dama da hagu da kansa. Baba ya hau, ya miƙe layin sambal, ya juyo ya tsaya a gabana. Na zaci gori za mu sha. Ko kaɗan. Ya ce in hau mu tafi gida. A hanya ne ya sassauta murya ya ce shi ma ya riga ya yarda hannunsa ya tafi, har ya fara tunanin wa zai bar wa kayan aikinsa. Ya ce ashe da sauransa. Ni dai hawayen farin ciki nake ta sharewa a bayansa.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu da Auta da mijina. Ka gaida min matar yaya, ka shafa min kan yara. Gaisuwar Baba ce kawai ban samo maka ba, don tun da safe ya hau abinsa ya tafi shago, har yanzu bai dawo ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai taurin kai.